Toru Takemitsu: Mutumin da Ya Guji Kiɗan Gidansu, Sannan Ya Dawo Ya Saurara

Gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a cikin duwatsun lardin Saitama da ke arewa da Tokiyo, sojojin Japan sun duƙufa suna haƙa ramuka suna ɓoye abinci da kayan yaƙi, suna jiran ranar da Amurkawa za su sauka ƙasar. Cikin masu wannan aikin ƙarfi akwai yara ’yan makaranta da aka kwaso daga aji, kuma ɗayansu wani siririn yaro ne ɗan shekara 14 mai suna Toru Takemitsu. Wata rana wani matashin hafsa ya tara su a ɓoye, ya fito da garmaho irin wanda ake wanawa da hannu. Babu allura, sai ya fere tsinken gora ya sa a madadinta. Abin da ya fito daga faifan muryar wata zabiyar Faransa ce, Lucienne Boyer, tana rera Parlez-moi d’amour. A lokacin hukuma ta haramta kiɗan abokan gaba, rediyo kuwa ya cika da taken soja da waƙoƙin kishin ƙasa. Yaron bai ji ko kalma ɗaya ta Faransanci ba, amma har ƙarshen rayuwarsa yana faɗin cewa a ranar ya yanke shawara: in dai yaƙin ya ƙare yana da rai, kiɗa zai yi.

Yaƙin ya ƙare a watan Agusta na 1945, ya bar shi da rai, ya kuma bar masa wani miki. Duk abin da ke da ƙamshin tsohuwar Japan ya fita daga ransa, har da kayan kiɗanta. Wannan ƙiyayyar, da doguwar hanyar da ya bi kafin ya warke daga ita, su ne ƙashin bayan labarinsa.

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace irin sana’ar da ake magana a kanta. A al’adar kiɗan Turawa da Japan ta ɗauka tun ƙarni na 19, akwai mai ƙaga kiɗa, akwai masu kaɗa shi. Maƙagin yana zama da takarda da alƙalami ya rubuta abin da kowane goge da kowace sarewa da kowace ganga za su yi, daƙiƙa bayan daƙiƙa, sannan ya miƙa wa ƙungiyar makaɗa da kan kai mutum tamanin ko ɗari, da jagora mai riƙe da sanda a gabansu. Takemitsu irin wannan maƙagin ne. Bai shahara da hawa dandali ba. Aikinsa a kan tebur yake, da fensir da abin goge rubutu.

Fiyano na takarda

An haife shi a Tokiyo ranar 8 ga Oktoba, 1930. Yana jariri iyayensa suka koma da shi Dalian, a yankin Manchuriya na ƙasar Sin, inda mahaifinsa ke aiki. Uban masoyin jaz ne, don haka faya-fayan Amurka ne suka fara shiga kunnen yaron. Aka dawo da shi Japan don ya shiga makaranta, uban ya rasu a 1938, riƙonsa ya koma hannun wata ’yar’uwar iyayensa mai koyar da koto, wani dogon abin kiɗa mai tsirkiya 13 da ake shimfiɗawa a ƙasa. Kullum sautin koto na tashi a gidan, kuma a zuciyar yaron wannan sautin ya ɗaure da maraici da yunwa da yaƙi.

Bayan yaƙi ya samu aiki a wani sansanin sojan Amurka a Yokohama, inda akwai fiyano da yake taɓawa idan wurin ya yi shiru. Tarin fuka ya kama shi, ya yi ta kwanciya, kuma a kwancen ne ya yi karatunsa na gaske: gidan rediyon sojan Amurka yana sakin kiɗan Debussy da César Franck da ire-irensu, shi kuma yana kasa kunne. Bai taɓa shiga makarantar kiɗa ba. Ɗan zaman da ya yi da Yasuji Kiyose daga 1948 shi ne kusan duk abin da za a kira ɗaukar karatu a wurin malami.

Talaucin nasa ya kai ga ya zana hoton madannan fiyano a kan takarda mai kauri, yana yawo da ita, yana danna yatsu a kai yana jin sautin a cikin kansa. Idan yana tafe a unguwa ya ji ana kaɗa fiyano a wani gida, sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya roƙi a bar shi ya taɓa na ’yan mintoci. Sai bayan ya yi aure a 1954, shi da matarsa Asaka duk suna fama da ciwon huhu, aka wayi gari ga fiyano an kawo ƙofar gidansu. Toshiro Mayuzumi ne ya aiko, wani matashin maƙagi da ya riga shi yin suna, wanda a lokacin ba su ma saba sosai ba.

Fitowarsa ta farko a bainar jama’a ba ta yi daɗi ba. A 1950 aka kaɗa wani ɗan aikinsa na fiyano, Lento in due movimenti, sai fitaccen mai sharhi Ginji Yamane ya rubuta a jarida cewa wannan abu bai ma kai a kira shi kiɗa ba tukuna. Takemitsu ya ba da labari daga baya cewa da ya karanta, gidan silima ya shiga, ya zauna cikin duhu ya yi kukansa inda ba mai gani.

Maƙerar Gwaji

A 1951 wasu matasa suka haɗa kai a Tokiyo ƙarƙashin inuwar marubucin waƙe kuma mai sharhin zane Shuzo Takiguchi, wanda ya raɗa musu suna Jikken Kobo, wato Maƙerar Gwaji. Akwai masu zane irin su Katsuhiro Yamaguchi da Hideko Fukushima da Shozo Kitadai, akwai mai sharhi Kuniharu Akiyama, akwai maƙaga kiɗa irin su Joji Yuasa, wanda karatun likita ya baro. Yawancinsu ba su da takardar shaidar komai a fannin da suke yi, kuma wannan ya zame musu ’yanci. Aikinsu na farko wasan rawa ne da aka shirya don rakiyar baje kolin zanen Picasso. Su suka fara kaɗa wa ’yan Japan wasu manyan ayyukan Olivier Messiaen na Faransa da Arnold Schoenberg. A 1953 suka yi amfani da wata na’ura mai haska hotuna tare da sauti, ƙirar wani ƙaramin kamfani da daga baya duniya ta sani da sunan Sony.

A nan Takemitsu ya fara aikin tef. Tun 1948, yana cikin cunkoson jirgin ƙarƙashin ƙasa, tunani ya zo masa cewa ƙarar ƙarfe da hayaniyar birni su ma kayan aiki ne, in da za a samu hanyar kama su a tsara. A shekarar ce kuma, ba tare da ya sani ba, Pierre Schaeffer ke gwada wannan a gidan rediyon Faransa. Da na’urar ɗaukar sauti ta samu, sai ya shiga yanka tef da reza yana liƙawa, yana juya shi baya, yana rage masa gudu ko ƙarawa. A 1956 ya yi Vocalism A.I, inda namiji da mace ke ta maimaita kalma ɗaya tak, ai, wato so a harshen Japan: da raɗa, da dariya, da nishi, da kuka, har kalmar ta narke ta zama numfashi zalla. A 1960 ya yi Water Music daga ɗigon ruwa kaɗai, ya sarrafa shi har ya riƙa amo kamar ƙananan gangunan wasan No na gargajiya. Abin lura a nan shi ne, tun kafin ya yarda a bakinsa, kunnensa ya fara komawa gida.

A tsakiyar wannan hidima ciwon ya sake tasowa. Fumio Hayasaka, wanda ya yi wa Akira Kurosawa kiɗan fina-finan Rashomon da Samurai Bakwai, kuma wanda Takemitsu ya ɗauka tamkar yaya, ya rasu da tarin fuka a 1955 yana da shekara 41. Takemitsu na ganin shi ma layin da yake kai ke nan. Cikin wannan hali ya rubuta Requiem, kiɗan makoki na gogunan Turawa zalla, wanda ƙungiyar makaɗan Tokyo Symphony ta fara kaɗawa a 1957. Gajere ne, a hankali yake tafiya, yana tasowa daga shiru yana komawa cikinsa kamar numfashin majinyaci. Masu sharhi ba su ɗaga kai ba.

Sai 1959, da Igor Stravinsky ya ziyarci Japan. A gidan rediyon NHK aka zaunar da dattijon, wanda a lokacin babu maƙagin da ya kai shi suna a duniya, ana sa masa ayyukan ’yan ƙasa. Requiem ba ya cikin jerin da aka shirya, kuskure aka yi aka saka shi. Da aka yunƙura za a cire, Stravinsky ya ce a bari ya ƙare. A gaban ’yan jarida sunan Takemitsu ya ambata, ya yaba gaskiyar kiɗan da tsananinsa, kuma da suka haɗu ya yi mamakin yadda irin wannan abu ya fito daga ɗan ƙaramin mutum haka. Waɗanda suka yi shiru a 1957 sai ga su suna yabo. Abu ne mai ciwo a ce sai baƙo ya nuna maka ɗanka kafin ka gan shi, amma haka aka yi.

Hanyar gida ta bi ta Amurka

Wani baƙon ne kuma ya nuna masa gidan kansa. John Cage, Ba’amurke, ya saurari darussan malamin addinin Zen, Daisetsu Suzuki, a Niyok, ya fito da ra’ayin cewa kowane sauti yana da ’yancin zama kansa, kuma shiru ba fanko ba ne. Shi ne mai aikin nan na 1952 inda makaɗi ke zama minti huɗu da daƙiƙa 33 bai taɓa komai ba, masu sauraro su ji tarinsu da iskar waje. A 1961 maƙagi Toshi Ichiyanagi ya dawo daga Amurka da kiɗan Cage, a 1962 Cage da kansa ya zo ya yi wasa a cibiyar Sogetsu ta Tokiyo, abin ya girgiza matasa har suka sa masa suna girgizar Cage. Takemitsu ya shiga rubuta kiɗa da zane maimakon alamomin da aka saba: a Corona, wanda ya yi da mai zane Kohei Sugiura a 1962, da’irori masu launi ake ba mai fiyano, shi zai zaɓi inda zai shiga da inda zai fita. Amma babban abin da ya samu daga Cage ya fi wannan. Ya faɗa a fili cewa ta hanyar wannan Ba’amurken ya gane darajar al’adar da ya yi shekaru yana gudu.

A wannan tsakanin ya je kallon bunraku, wasan ’yar tsana na gargajiya, inda mai ba da labari ke rera magana, mai shamisen na gefensa yana bugun tsirkiya uku masu kauri. Bugu ɗaya ya ji ya tsaya masa a rai. Ya tambayi kansa yadda aka yi ya san Debussy ciki da waje, amma bai san wannan ba.

Kalmomi biyu ya fito da su daga wannan komawa, kuma duk mai son fahimtarsa sai ya riƙe su. Ta farko sawari. Biwa wani abin kiɗa ne mai ciki kamar rabin ƙwarya mai tsawo, wanda asalinsa ya bi ta Farisa da Sin kafin ya iso Japan, kuma makafin mabarata masu rera labarin yaƙin gidan Heike ne suka fi shahara da shi. Da gangan ake sassaƙa wuyansa yadda tsirkiya za ta riƙa gogar itace, ta ba da wani zizar da ke biyo bayan kowane bugu. Turawa sun shafe ƙarnuka suna gyara kayan kiɗansu don su kawar da irin wannan, su samu sauti tsaftatacce. Japanawa kuwa sun gina cikas a jikin abin kiɗan, suka ce a nan daɗin yake. Duk wanda ya taɓa jin garaya da ƙarfen da ake maƙala mata a ka yana kaɗawa tare da tsirkiya, ya san cewa in aka cire wannan zizar an cire wa kiɗan gishiri. Takemitsu ya ga cewa sautin biwa ɗaya ya riga ya cika, yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ba ya bukatar na biyu ya zo ya ba shi ma’ana.

Ta biyu ma, wadda ake rubutawa da hoton ƙofa, rana na leƙowa ta tsakiyarta. Ma ita ce tazarar da ke tsakanin sauti da sauti. A kiɗan Turawa ana ƙirga hutu kamar yadda ake ƙirga bugu. Ma ba ta ƙirguwa: makaɗi ne ke jin nauyin sautin da ya wuce, ya jira har shirun ya cika ya batse, sannan ya saki na gaba.

A 1966 ya rubuta Eclipse don biwa da shakuhachi, wata sarewar gora mai huda biyar da wasu sufayen Zen masu rufe kai da kwando ke busawa a matsayin ibada. A gargajiyance ba a saba haɗa waɗannan biyun ba. Abokinsa Seiji Ozawa, matashin jagoran makaɗa, ya ji ya kai labari wurin Leonard Bernstein, jagoran ƙungiyar New York Philharmonic, sai ƙungiyar ta nemi Takemitsu ya rubuta mata sabon aiki don bikin cikarta shekara 125.

Nan ne ya yi abin da, a ganina, ya fi komai nuna girman hankalinsa. Hanya mai sauƙi a buɗe take: a ɗauko karin gargajiya, a lulluɓe shi da gogunan Turawa, a samu wani abu mai zaƙi da baƙi za su tafa wa. An yi haka kafin shi, ana kuma yi har gobe a ƙasashe da yawa. Ya keɓe kansa a wani gida cikin duwatsu da takardun kiɗan Debussy biyu, ya fara da niyyar haɗa biwa da shakuhachi da ƙungiyar makaɗan, sai ya ga duk inda ya haɗa ɗaya na kashe ɗaya. Biwa in ta bi ƙa’idar ƙungiya ta rasa sawari, ƙungiya in ta bi biwa ta rasa ƙafafunta. Sai ya bar su a rabe. A November Steps, wato Matakan Nuwamba, ya raba ƙungiyar gida biyu, dama da hagu, ya zaunar da baƙi biyu, mai biwa da mai shakuhachi, a gaba. Ƙungiya ta yi magana ta yi shiru, biwa da sarewa su amsa da nasu harshen, wani lokaci gefen sautin wannan ya shafi gefen na wancan kamar hayaƙi biyu. Can kusa da ƙarshe makaɗan Turawa duka su ajiye kayansu na tsawon mintoci, a bar mutum biyu kaɗai: Kinshi Tsuruta, mace mai biwa wadda ta taɓa barin kiɗa ta shiga kasuwanci, tana dukan jikin itacen da faffaɗan mabugi kamar tsawa, da Katsuya Yokoyama yana busa sarewa da iska mai yawa har kana jin guguwa a cikin gora.

An ruwaito cewa a gwajin farko wasu makaɗan Niyok dariya suka yi da ganin kayan kiɗan. Ozawa ya tsayar da aiki, ya ce su zauna su saurari baƙin biyu su kaɗai. Da suka gama, ɗakin ya yi tsit, sannan tafi ya ɓarke. Ranar 9 ga Nuwamba, 1967 aka kaɗa shi a bainar jama’a, kuma tun daga ranar sunan Takemitsu ya zauna a duniya. Minti ashirin ne na baƙi biyu da suka zauna a tabarma ɗaya, kowa da harshensa, babu wanda aka tilasta wa ya zama ɗan’uwansa, kuma kowa ya ji kowa.

A duhun silima

Mutumin da ya ɓuya a silima ya yi kuka a 1950 bai taɓa barin silima ba. Yakan kalli fina-finai ɗaruruwa a shekara, in ya sauka baƙuwar ƙasa gidan silima yake fara nema ko da bai jin harshen. Ya yi wa fina-finai sama da 90 kiɗa, kuma a nan ya gwada abubuwa da yawa kafin su shiga zauren kiɗa. Biwa ta bayyana a Seppuku na Masaki Kobayashi a 1962, shekara biyar kafin Niyok. A Suna no Onna na Hiroshi Teshigahara, labarin wani mutum da aka tsare a ramin yashi tare da wata mata, goguna ne ke zamewa sama da ƙasa har ka ji kamar rairayin ne ke numfashi.

Kwaidan, fim ɗin labaran fatalwa na 1964, shi ne gwaninta. Takemitsu ya karɓi ragamar sautin fim ɗin gaba ɗaya. Ya ɗauki ƙarar itace ana tsaga shi, da duwatsu ana gwara su, ya sarrafa su a tef. Inda mutum ya faɗi a ruɓaɓɓen gida, sai ka ga faɗuwar babu ƙara, ƙarar ta zo a makare, bayan ka saki jiki. Ya fahimci cewa mai kallo ya fi tsorata idan aka hana shi sautin da yake jira. Yakan ce aikinsa a fim rage sauti ne fiye da ƙarawa, kuma wannan darasi ne da masu shirya fim a ko’ina za su amfana da shi, musamman masu ganin cewa duk daƙiƙar da babu kiɗa asara ce.

Da Kurosawa kuwa ba su kwashe lafiya ba. A Ran na 1985, wanda aka gina a kan labarin Sarki Lear na Shakespeare, daraktan ya nace yana son kiɗa irin na Gustav Mahler, kuma ya riƙa sa hannu a aikin har Takemitsu ya fice daga ɗakin haɗa sauti cikin fushi. Duk da haka abin da suka haifa tare ya zama abin koyi. A wurin da ake kai wa ganuwa hari, an kashe duk ƙarar yaƙi: dawakai na gudu, kibau na sauka, mutane na zubewa, ba ka jin komai sai wani kiɗan makoki mai nauyi da makaɗan Sapporo suka kaɗa. Haka ake tafiya mintoci, sai harbin bindiga ɗaya ya tsinke kiɗan, hayaniyar duniya ta dawo. Wanda aka kwasa aikin soja yana ɗan shekara 14 ne ya rubuta wannan. Shi ne kuma ya sa wa baitocin Shuntaro Tanikawa kari a 1965 don wani taron adawa da yaƙin Biyetnam, waƙar da har yanzu ake rerawa a Japan, ya kuma yi kiɗan Kuroi Ame na Shohei Imamura a 1989, kan waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima.

Lambu da ruwa

Daga shekarun 1970 ya zama ƙofar da sabon kiɗan duniya ke shiga Japan. Ya jagoranci shirin sauti na wani zaure a baje kolin duniya na Osaka a 1970, ya je tsibirin Bali a 1972 tare da maƙagi Iannis Xenakis don jin gamelan, kiɗan gargajiyar tsibirin, ya kuma riƙe bikin Music Today a Tokiyo daga 1973 har shekara ashirin. A 1973 ya rubuta wa makaɗan gagaku, kiɗan fadar sarki da ya haura shekara dubu, sabon aiki mai suna A Lambun Kaka.

Lambu ya zama hoton da yake bayyana aikinsa da shi. Lambun Japan ba a tsayawa a gan shi gaba ɗaya. Zagayawa ake yi, dutsen da ka gani ta gabas ka sake ganinsa ta yamma ya zama wani abu, ciyawa na sauyawa da sauri, itace a hankali, dutse kusan ba ya sauyawa. Haka yake tsara ƙungiyar makaɗa, kowane sashe da saurin lokacinsa. Wani aikinsa na 1977 daga mafarki ya fito: ya ga hoton da Man Ray ya ɗauki Marcel Duchamp an yi masa aski mai siffar tauraro, da dare ya yi mafarkin garken fararen tsuntsaye, baƙi ɗaya na jagorantarsu, suna sauka a lambu mai kusurwa biyar. Sai ya gina kiɗan duka a kan lamba biyar. Sannan ga ruwa: ruwan sama, kogi, teku. Ya samo sautuka uku waɗanda sunayensu a rubutun kiɗan Jamusawa ke harhaɗa kalmar teku ta Ingilishi, ya yi ta shuka su cikin ayyukansa na shekarun 1980.

A nan ne wasu tsofaffin abokan tafiya suka juya masa baya. Kiɗan ya yi laushi, ya yi zaƙi, ya koma kusa da Debussy, suka ce mai gwaji ya gaji ya nemi yardar manyan zauruka. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, domin wasu ayyukan wannan zamani suna kama da juna har ka kasa bambancewa. Amma ban yarda cewa ya sayar da kansa ba. Wanda waƙar soyayya ta Faransa ta ceto a sansanin soja, wanda ya zauna a 1977 ya tsara waƙoƙin Beatles don jita saboda yana son su, bai taɓa ɗaukar daɗin kari a matsayin abin kunya ba. Ya ƙi bin dokar masu kishin ƙasa yana yaro, ya ƙi bin dokar masu haɗa gabas da yamma a 1967, sai kuma ya ƙi bin dokar ’yan zamani da suka ce dole sabon kiɗa ya yi ɗaci. Kuma ko a mafi zaƙin ayyukan, ma tana nan. Saurari From me flows what you call Time, wanda ya rubuta a 1990 don bikin cikar zauren Carnegie shekara ɗari: makaɗa biyar ne ke shigowa ta cikin jama’a, an ɗaura dogayen ƙyallaye masu launi biyar daga dandali zuwa ƙararrawa da aka rataye can sama, a ƙarshe su ja ƙyallayen a hankali, amon ya yi ta raguwa har ba ka iya cewa ga inda ya tsaya.

A 1994 aka ba shi kyautar Grawemeyer, ɗaya daga cikin mafi girma a wannan fanni. A shekarar da ta biyo aka gano yana da ciwon daji. A gadon asibiti, da magani ya hana shi cin abinci, sai ya riƙa zana girke-girken da yake marmari da fensir mai launi, yana rubuta yadda ake dafa su. Ya samu ya kammala wasu ƙananan ayyuka biyu, ɗaya na jita, ɗaya na sarewa ita kaɗai mai suna Air. Babban wasan opera da ya yi niyya bai samu rubutuwa ba. Zauren kiɗa na Tokyo Opera City, wanda ya taimaka wajen tsarawa, an buɗe shi a 1997 da sunansa, kuma gasar matasan maƙaga da ake yi a can tana bin ƙa’idar da ya shimfiɗa: alƙali ɗaya tak kowace shekara, ba kwamiti ba, don kada a tashi da zaɓin da bai ɓata wa kowa rai ba kuma bai motsa kowa ba.

Matarsa Asaka ta ba da labarin kwanakin ƙarshe. Kullum tana zuwa asibiti, sai wata rana dusar ƙanƙara ta rufe Tokiyo ta hana ta fita. Yana kwance shi kaɗai, babu mai ziyara, ya kunna rediyo, ya tarar ana sakin St Matthew Passion na Bach, aikin da ya fi ƙauna a duniya, wanda yakan taɓa wani yanki nasa a fiyano kafin ya fara kowane sabon rubutu. Ya saurare shi daga farko har ƙarshe, sa’o’i uku. Da ta zo washegari ya gaya mata irin daɗin da ya ji. Ya rasu ranar 20 ga Fabrairu, 1996, yana da shekara 65.